Me ya sa jerin zaɓin shafinmu ke sauya kama daga waya zuwa waya?



Akwai tambayar da ke yawan zo mana game da wanga shafi na intanet. Wani ya ce a wayarsa yana ganin "Labarai", "Sanarwa", "Kasuwa" da "Saurare kai tsaye" a jere a saman shafi. Wani ya ce shi ƴan layuka uku kawai yake gani a kusurwa. Wani ya ce ya taɓa layukan har ya gaji, ba abin da ya buɗe. Akwai ma wanda kalmar "Ƙauyuka" ke fito mashi da ɗan akwati a gurbin harafin farko. Daga nan sai zargi ya tashi: ko wayar ce ta lalace, ko rezo ne, ko kuwa ƴan rediyo ne sunka sauya shafi ba su faɗa wa kowa ba.

Wani zai ce ai wagga ƙaramar magana ce. To, ku tuna da mutumin Gesheme da ke Abijan, an buga mashi waya an ce an yi rashi a gida, yana son ya ga sanarwar lokacin addu'a. Ku tuna da manomin Sukukutan da ke neman hasashen ruwan sama kafin ya fidda irin da ya adana tun kaka. Ku tuna da mai cigiyar awakinsa, da ɗan kasuwar Kore Mairuwa da ke son sanin kuɗin tiyar wake. Dukansu ta ƙofa ɗaya za su shiga, wato jerin zaɓin nan. In ƙofar ta ƙi buɗewa, labarin yana ciki amma bai isa ga mai shi ba, ga ɗan megan da ya saya ya tafi a banza.

Shafi ba hoto ba ne, awo ne

Abin da za mu fara ganewa shi ne, in kun buɗe shafi, ba hotonsa ake aiko muku ba. Rubutattun umarni ne ke zuwa, wayarku ce ke zana shafin da kanta. Umarnin kashi uku ne. HTML shi ke faɗin abin da ke cikin shafi: ga kanun labari, ga hoto, ga jerin zaɓi. CSS shi ke faɗin kamanninsa: launi, girman haruffa, tazara, abin da zai zauna dama da wanda zai zauna hagu. JavaScript kuma shi ke kula da motsi, kamar a taɓa wuri wani abu ya buɗe.

Manhajar da ke karɓar umarnin ta zana shi ita ake kira burauza. Chrome burauza ce, haka Opera Mini, Firefox, Safari ta wayoyin iPhone, Samsung Internet, da Phoenix da ake samu cikin wayoyin Tecno, itel da Infinix da yawa. Har Facebook yana da tasa a cikinsa, shi ya sa in kun taɓa mahaɗin labari a can, sau da yawa shafin kan buɗe ba tare da kun fita ba.

Ku ɗauki misalin tela. Ku yanka shadda ɗaya kashi uku, ku rubuta awo ɗaya, ku kai wa teloli uku a cikin garin Dutsi. Riguna uku za ku karɓa, kuma kowa ya san ba za su zo daidai ba. Inda takardar awo ta yi shiru, misali faɗin aljihu ko tsayin wuya, kowane tela al'adarsa zai bi. In kuma kun nemi sabon ɗinkin da tsohon kekensa ba ya yi, sai ya tsallake wurin. Haka burauza take.

Injuna uku ne ke zana kusan duka shafukan duniya

Sunayen burauza suna da yawa, amma injin da ke zanen a cikinsu kusan uku ne. Na farko Blink, na kamfanin Google, wanda ya fito a 2013. Shi ke cikin Chrome da Samsung Internet da Opera, kuma Edge ta kamfanin Microsoft ta koma kansa a watan Janairun 2020. Na biyu WebKit, na kamfanin Apple, shi ke cikin Safari. Shekara da shekaru dokar Apple ita ce duk burauzar da za ta hau iPhone, ko da sunanta Chrome, tilas ta yi aiki da WebKit. Sai a 2024 anka sassauta dokar a ƙasashen Tarayyar Turai. Ke nan ɗan uwanku da ke Amurka ko Saudiyya da iPhone, in ya ce "ai ni ma Chrome gare ni", sunan ne ɗaya da naku, telan dabam ne. Na uku Gecko, na gidauniyar Mozilla, shi ke cikin Firefox, kuma a kansa anka gina tsarin KaiOS na wasu ƙananan wayoyi masu maɓallai.

Wagga matsala ta girmi wayoyin da ke hannunmu. Baturen Ingila Tim Berners-Lee ne ya kawo tsarin shafukan yanar gizo a 1989, a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da birnin Janeba. A 1994 ya kafa ƙungiyar W3C don a samu ƙa'ida ɗaya da kowa zai bi. A shekarar ce wani mutumin Norwe, Håkon Wium Lie, ya gabatar da shawarar CSS, anka amince da kashinta na farko a watan Disamban 1996. Amma a lokacin kamfanoni biyu, mai Netscape da mai Internet Explorer, suna kokawar kasuwa, kowa yana ƙara abin da na ɗayan ba ya ganewa. Har ta kai masu shafuka suna rubuta a ƙasa cewa da burauza kaza anka fi ganin shafinsu. Internet Explorer ba ta yi ritaya ba sai ran 15 ga Yunin 2022. A shekarar ce kuma Apple, Google, Microsoft da Mozilla da wasu abokan aikinsu sunka haɗu kan wani shiri mai suna Interop, suna zaɓar wuraren da injunansu sunka saɓa suna gyarawa shekara-shekara.

Abubuwa sun yi sauƙi ƙwarai, amma ga mai sabuwar waya. Gyaran da anka yi bana ba ya isa ga wayar da ba a sabunta burauzarta ba tun ranar da anka saye ta, kuma mun san irinsu sun fi yawa a ƙauyukanmu. Wani yana tsoron mega, wani wayar ta cika ba wuri, wani kuma kamfanin ne ya bar shi a baya: tun ƙarshen 2023 sabon Chrome ba ya hawa kan wayar da ke da Android 7 ko wanda ya girme shi.

Opera Mini: mai tattalin mega, mai nata sharaɗi

Opera Mini ta cancanci bayaninta ita kaɗai, don ita ce abokiyar mai raunin rezo. Ta bazu a duniya a farkon 2006. Dabararta ita ce, in kun nemi shafi, ba wayarku ke zuwa ta ɗauko shi ba. Manyan kwamfutocin kamfanin ne ke ɗauko shi, su zana, su matse, sannan su aiko muku. Kamfanin yana cewa matsewar kan rage nauyi har da kashi 90 cikin 100. Ga wanda ke Dogon Kiriya ko Ɗan Kasari, inda wani lokaci sai an hau tudu rezo ke kamawa, ko na Airtel ne ko Moov ko Zamani ko Niger Telecom, wannan taimako ne babba.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. In an sa ta a matakin tattali mafi tsanani, JavaScript ba ya aiki a cikin wayar, a can wurin kamfanin yake aiki na ƴan daƙiƙu. Duk taɓawar da kunka yi sai saƙo ya je ya dawo. Haka kuma ba ta sauko da salon haruffa na musamman da mai shafi ya zaɓa. Shafuka da yawa da irin waɗanga haruffa suke zana ƴan alamominsu, har da layukan nan uku. Shi ya sa wani zai duba kusurwa ya ga wayam, alhali ƙofar tana nan, alamarta ce ba ta zo ba.

Wurare shida da jerin zaɓi ya fi tuntuɓe

Na ɗaya, al'adar kowace burauza. In mai shafi bai faɗi komai ba, burauza za ta sa wa jerin ɗigo-ɗigo a gefe, ta tura shi ciki, ta yi wa mahaɗi shuɗin launi da layi a ƙasa, wanda anka riga anka buɗe kuma ya koma ruwan makuba. Maɓallan taɓawa ma kowace da siffar da take ba su.

Na biyu, faɗin fuskar waya. Ana auna shi da ƴan ɗigon haske da ake kira fiksel. Ƙaramar waya mai maɓallai tana da 240 a faɗi, kwamfuta tana da sama da 1000. Akwai layin umarni guda da ke gaya wa waya ta zana shafi daidai faɗinta. In an manta da shi, sai wayar ta ɗauka faɗin 980 ne, ta ƙanƙance komai, haruffa su koma kamar ƙwayar gero.

Na uku, jerin da ke zubowa in an ɗora linzamin kwamfuta a kansa. A ofis yana da kyau. Amma waya ba ta da linzami, yatsa ne, kuma kowace burauza da yadda take fassara taɓawar. Wata ta buɗe ƙaramin jerin, wata ta wuce da ku wani shafi kafin ku ga abin da ke ciki.

Na huɗu, layukan nan uku. Wani mai zane, Norm Cox, ne ya ƙirƙiro alamar don kwamfutar Xerox Star da ta fito a 1981, daga baya masu wayoyi sunka farfaɗo da ita don ba ta cin wuri. Matsalarta biyu. Yawanci da JavaScript take buɗewa, in bai sauko ba saboda rezo ya yanke, ƙofa ta kulle. Sannan dattijon da jikansa ya miƙa wa waya ba shi da dalilin sanin cewa layuka uku na nufin "taɓa nan".

Na biyar, sabbin dabarun CSS da ba su isa ko'ina lokaci ɗaya ba. Ga misali guda. Akwai umarnin da ke sa tazara tsakanin kalmomin da anka jera a layi. Firefox ta fara gane shi a 2018, Chrome a 2020, Safari sai a 2021. Duk burauzar da ta girmi waɗanga shekaru za ta manne kalmomin, ku ga "LabaraiSanarwaKasuwa" kamar kalma ɗaya, ku nufi ɗaya yatsa ya faɗa kan ɗaya.

Na shida namu ne mu Hausawa: haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999 tana amfani da ƴ, inda ƴan uwanmu na Najeriya ke rubuta 'y. Salon haruffa da yawa an zana su ne don Faransanci da Turanci, ba su da namu. In burauza ta iso kan ƙ ba ta same shi ba, sai ta aro daga wani salon, harafin ya fito ya fi sauran kauri ko tsawo. In ta rasa inda za ta aro, sai ta sa ɗan akwati. Kuma kun san ba ƙaramin abu ba ne: "ƙasa" dabam, "kasa" dabam.

Yadda ake daidaita shi

Wannan sashe na matasanmu ne da ke koyon gina shafi, da duk wata ƙungiya ko makaranta ko ƙaramar hukuma da za ta ba da kwangilar shafi, don ta san abin da za ta nema kafin ta biya.

A fara daga waya mafi rauni. A gina jerin da HTML zalla, kalmomi ne da mahaɗansu, wanda ko CSS da JavaScript ba su zo ba mutum zai karanta ya taɓa ya shiga. Bayan nan a ɗora ado ga wayar da za ta iya ɗauka. Wanda ya fara daga kwamfutar ofis sannan ya dawo yana rage wa ƙaramar waya, kullum sai ya bar wani a waje.

A share al'adun burauza tun a farkon CSS. Akwai shiryayyun umarni na kyauta don wanga aiki. Eric Meyer ya fidda nasa a 2007, wanda ke goge tazara da ɗigo ya mai da kowa tushe ɗaya. Daga baya Nicolas Gallagher ya kawo normalize.css, wanda ke daidaita al'adun maimakon goge su duka. Ko wanne anka ɗauka, manufa ita ce kada takardar awo ta yi shiru a wurin da ke da muhimmanci.

A bar jerin ya bi faɗin waya. Wannan tsari Ethan Marcotte ne ya yaɗa shi a 2010: shafi ɗaya, a kwamfuta kalmomi su jeru a layi, a ƙaramar waya su sauko ɗaya ƙarƙashin ɗaya. A kuma tuna tsawon kalma yana sauyawa da harshe. Wurin da ya ishi "Sanarwa" ba lallai ya ishi fassararta ta Faransanci ko Zabarmanci ko Fulatanci ba.

A rage yawan ƙofofi. Huɗu ko biyar sun isa a fili, kuma a sa wadda jama'a sunka fi nema a gaba. A shafin rediyo, sauraro da sanarwa ne. In tilas sai an ɓoye saura a bayan layuka uku, a rubuta kalma a gefensu, kamar "Zaɓi", da haruffa na gaske. A maimaita jerin a ƙasan shafi, don in na sama ya ƙi, a samu ta inda za a bi.

A ba yatsa wuri. Apple yana ba da shawarar kada wurin taɓawa ya gaza 44 a tsawo da faɗi, Google ya ce 48 da ma'auninsa. Hannun da ya wuni yana riƙe da hauya ba zai saita ɗan ƙaramin ɗigo ba. Launi ma haka: ƙa'idar W3C ta nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1. Rubutu mai ruwan toka a kan fari yana karantuwa a cikin ɗaki, amma a ranar watan Afrilu a bakin kasuwa ba wanda zai gan shi.

A zaɓi salon haruffa mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, manya da ƙanana. Noto na Google yana da su, kuma kyauta ne. A jera wasu salon a bayansa don in bai sauko ba. A kuma rubuta a kan shafin cewa harshensa Hausa ne, da alamar "ha". In an bar alamar Faransanci a shafin Hausa, burauza na iya rikicewa ta nemi fassara abin da ba ya buƙatar fassara.

Daga ƙarshe, gwaji. Akwai shafi mai suna Can I use da ke nuna wace burauza ke gane wane umarni. Amma gani ya kori ji. A ari tsohuwar itel, da ƙaramar waya mai maɓallai, da Samsung, a buɗe da Opera Mini a matakin tattali, a buɗe ta cikin Facebook, a roƙi wani ɗan uwa mai iPhone ya aiko da hoton abin da yake gani. A fita bayan gari inda rezo ke rawa a sake gwadawa.

Ba a neman shafi ya zama tagwaye a kowace waya. Wannan ba ya yiwuwa, kuma wanda ya nace a kansa nauyi kawai zai ƙara wa shafi, talaka ya biya da megansa. Abin da ake nema shi ne kalmomi su zama ɗaya, jerinsu ɗaya, kuma kowace ƙofa ta buɗe. In kusurwar maɓalli ta zagaye a Faransa ta miƙe a Dumega, ba wanda ya yi asara.

Abin da za ku iya yi da wayarku

In jerin ya ƙi buɗewa, ku fara sake loda shafin, don sau da yawa rezo ne ya yanke kafin umarni su gama saukowa. In Opera Mini ce, ku shiga wurin tattalin data ku sassauta matakin, ku duba abin da kuke nema, sannan ku mayar. In ta cikin Facebook kunka shigo, ku taɓa ɗigo uku na kusurwa ku zaɓi buɗewa a burauzar waya. In shafin ya fito a hargitse bayan an yi mashi gyara, wataƙila wayar ta riƙe tsofaffin umarni ne, sai ku share ajiyar burauza. In launuka sun juye, ku duba ko an kunna baƙin yanayi na dare, don wasu burauzoji, irin su Samsung Internet, suna sauya launin shafi da kansu. In kun samu rezo mai ƙarfi ko wifi a Dutsi ko Tibiri ko Doso, ku sabunta burauzarku.

Ku kuma ƴan uwa na Kwatano, Lome, Kumasi, Legas, Libiya da Turai, in za ku aiko da waya gida, ku sabunta ta kafin ta taso, ku buɗe shafin ku ajiye shi a fuskar wayar, don tsoho ya same shi da taɓawa ɗaya. In kuna kwatanta mashi hanya ta waya, ku faɗi kalmar da zai nema, kamar "Sanarwa", kada ku ce "taɓa kusurwar dama", don damarku ba lallai ta zama tasa ba.

In kun gwada duka abin bai gyaru ba, ku sanar da mu, ko ku biyo ta gidan rediyo ranar da kunka shigo gari. Abu uku za su taimaka wa masu gyara: sunan wayar, sunan burauzar, da hoton abin da ya fito. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wayar da ke aljihunku ita ce wadda ba mu da irinta a nan.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo da matafiya gida lafiya.